Bugu Ɗaya Tak: Maurice Prendergast da Yaran Bakin Tekun Boston

Tun da aka fara ɗab'i, manufarsa ita ce yawaita abu. Mai sassaƙa hoto a jikin katako, ko mai karce shi a farantin jan ƙarfe, yana jure wahalar makonni ne saboda ya san cewa idan ya kammala, zai shafa tawada ya buga hamsin ko ɗari, kowanne kamar an tsaga kara da ɗan'uwansa. Amma akwai wata hanya ta bugu da ta saɓa wa wannan manufa gaba ɗaya, domin hoto guda take bayarwa, kuma da zarar an ɗaga takardar, abin da ya haifi hoton ya lalace ke nan. Ana kiran ta monotayif, kuma a cikin masu zanen Amurka na ƙarshen ƙarni na 19 babu wanda ya riƙe ta da muhimmanci kamar Maurice Prendergast, wanda ya yi kimanin guda 200 daga shekarun 1890 zuwa wajen 1902. Da yawa daga cikinsu hotunan mata ne da yara, a lambunan shaƙatawa da kuma bakin teku. Abin da nake so in nuna shi ne cewa haɗuwar wannan dabara da wannan abin zanawa ba katari ba ne, domin iyakokin dabarar su ne suka koya wa mai zanen yadda zai kalli yaro a bakin ruwa.

Sai an fahimci yadda aikin yake kafin a fahimci hoton. A sauran hanyoyin bugu, zanen yana zaune daram a jikin abin da ake bugawa da shi. A bugun katako an sassaƙe wuraren da ba a so, an bar tudu ya ɗauki tawada. A bugun jan ƙarfe an haƙa layuka da allura da sinadarin asid, tawada tana kwanciya a cikin ramukan. A bugun dutse, wanda Alois Senefelder ya ƙirƙiro a 1796, maiƙo ne yake riƙe zanen a fuskar dutsen. A duk ukun, ko an goge tawadar, zanen yana nan yana jiran wata. A monotayif kuwa farantin sumul yake, babu rami babu tudu, fentin da aka shafa a kansa shi kaɗai ne zanen. Mai aikin yana zana hotonsa da buroshi a kan jan ƙarfe ko gilashi, ya ɗora takarda tun fentin yana ɗanye, ya matse, sai fentin ya bar farantin ya koma takarda. Duk wanda ya taɓa rufe littafi kafin tawadar alƙalaminsa ta bushe, ya buɗe ya tarar da rubutun ya manne a ɗaya shafin a juye, ya riga ya ga ainihin abin da ke faruwa.

Daga wannan sauƙin ne wahalhalun suke fitowa. Farko dai lokaci ba ya jira, domin fentin mai da aka tsinka, idan aka shimfiɗa shi siriri a kan ƙarfe, yana fara kamewa, kuma wanda ya kame ba ya tashi ya bi takarda. Saboda haka ba a kwana ana gyara, dole a fara a gama a zama guda. Sannan kaurin fentin yana da iyaka ta sama da ta ƙasa: idan ya yi yawa, matsi zai baje shi ya cinye maƙwabtansa, idan ya yi kaɗan, hoton zai fito a koɗe. Akwai kuma juyewar hannu, abin da aka zana a dama zai fito a hagu, har rubutu ma sai an yi shi a birkice idan ana so ya karantu. A bayan waɗannan duka akwai abin da ya fi su nauyi, wato mai zanen ba ya ganin sakamakon aikinsa sai bayan da gyara ya wuce. Mai fentin mai a kan ƙyalle yana iya ja da baya ya duba, ya kankare, ya sake. Mai monotayif yana sanin abin da ya yi ne a lokacin da ya ɗaga takardar.

Dabarar ta girmi Amurka kanta a matsayin ƙasa. Ana danganta ƙirƙirarta ga Giovanni Benedetto Castiglione, mutumin Genoa a Italiya, a shekarun 1640, wanda yakan shafe faranti duka da baƙar tawada sannan ya riƙa goge haske daga cikin duhun. Bayansa ta daɗe ba ta da mabiya da yawa, sai a shekarun 1870 da Edgar Degas ya ɗauke ta a Paris ya yi fiye da 300, yawancinsu da baƙar tawada, wasu kuma ya bi kansu da allin launi. A wajen 1880 matasan Amurka masu koyon zane a Turai a ƙarƙashin Frank Duveneck sun riƙa yin ta a zaman hira da dare, kamar abin nishaɗi, kuma a Boston wani mai zane, Charles Alvah Walker, ya yi ta ya baje kolinta a farkon shekarun 1880. Wannan yana nuna cewa Prendergast bai ƙirƙiro kome ba, a garinsu Boston ma an san abin. Bambancinsa shi ne ya yi ta da cikakken launi, kuma ya mayar da ita babban reshe na aikinsa na shekaru, a lokacin da yawancin takwarorinsa suke ɗaukarta wasan hannu.

An haife shi a 1858 a St. John's da ke tsibirin Newfoundland, wanda yanzu yake cikin Kanada. Kasuwancin mahaifinsa ya karye, iyalin suka koma Boston a 1868. Bai yi zurfi a makaranta ba, ya fara aiki a kanti tun yana yaro, daga baya ya zama mai rubuta katunan talla da ake jerawa a tagogin shaguna. Kada a raina wannan sana'a a tarihinsa, domin mai katin talla yana koyon abubuwan da makarantar zane ba ta cika koyarwa ba: yadda za a cika fili da launi kaɗan, yadda za a kama idon mai wucewa daga nesa, da yadda hannu zai ja layi sau ɗaya ba tare da dawowa ba. Sai da ya haura shekara 30 sannan ya tara abin da zai kai shi Paris a 1891, inda ya yi karatu a makarantun zane na Colarossi da Julian. Abin da ya fi amfana da shi a can yana wajen aji, a tituna da lambuna, inda shi da abokinsa James Morrice ɗan Kanada suke zama suna zana masu wucewa cikin hanzari. Ya dawo Boston a tsakiyar shekarun 1890 da littattafan zane cike da mutane masu tafiya.

Yadda yake aikin ya zo mana ta hanyoyi biyu. A wata wasiƙa ta 1905 ya bayyana wa wata mai zane da ke neman shawararsa tsarin a taƙaice: a zana da fentin mai a kan jan ƙarfe, a goge wuraren da ake so su fito fari, idan hoton ya yi wa mutum, a ɗora takardar Japan a matse da inji ko a murza da cokali, sannan ya ƙara da cewa wani lokaci bugu na biyu ko na uku ya fi kyau. Ta bakin ƙanensa Charles kuma, wanda ya shahara da sassaƙa firam, an samu labarin cewa Maurice ba shi da kuɗin sayen injin matsi, ɗakinsa kuma ba shi da wurin teburin aiki, saboda haka a ƙasa yake shimfiɗa farantin yana murza bayan takardar da babban cokali.

Cokalin nan ba ƙaramin bayani ba ne. Inji yana matse ko'ina daidai wa daida, a wuce guda. Cokali kuwa yana bin hannun mai shi, a danna nan, a sassauta can, kuma da yake takardar Japan siririya ce mai shan fenti, launin yana ɗan bayyana ta bayanta, mai murzawa yana ganin inda ya kama da inda bai kama ba. Ashe talaucin da ya hana shi inji ya ba shi wani iko da injin ba zai bayar ba, domin bugun kansa ya zama ci gaban zanen. Wurin da ake so teku ya yi nauyi sai a ƙara ƙarfi, wurin da ake so sama ta yi hazo sai a wuce sama-sama. Takardar ma tana da nata aikin. Zarurrukanta dogaye ne, suna shanye man da ke cikin fentin, launin ya zauna a cikin takardar ba tare da ƙyalli ba. Shi ya sa waɗannan hotuna, duk da cewa da fentin mai aka yi su, suke da laushin da ido ya saba gani a fentin ruwa.

Bakin tekun da ya zana shi ma sabon abu ne a lokacin. Garin Boston ya cika da baƙi 'yan ci-rani, musamman daga Ireland da Italiya, unguwannin ma'aikata sun cunkushe, kuma masu faɗa a ji sun yarda cewa iska mai kyau da fili magani ne ga lafiyar jama'a da tarbiyyarsu. A 1885 aka zuba tulin yashi a wata unguwar talakawa ta North End domin yara su yi wasa, abin da ake lissafawa a cikin mafarin filayen wasan yara a Amurka. Frederick Law Olmsted, fitaccen mai tsara lambuna, ya tsara jerin lambunan birnin, ciki har da Franklin Park da Marine Park da ke bakin ruwa a kudancin Boston. Ƙaramin jirgin ƙasa da aka buɗe a 1875 yana kai mutane gaɓar Revere, kuma a 1896 hukumar lambuna ta yankin, bisa tsarin Charles Eliot, ta mayar da wannan gaɓa ta jama'a, har ana kiran ta bakin teku na jama'a na farko a ƙasar. Kafin nan hutun bakin teku abin masu hali ne da ke da gidajen bazara. Daga nan magatakardan kanti ma yana iya ɗaukar matarsa da 'ya'yansa ranar Lahadi ya je ya dawo da yamma. Irin waɗannan wuraren bakin ruwa, Revere da Nahant da Marblehead da City Point, su ne Prendergast ya riƙa zuwa da littafin zanensa.

A ɗauki irin tsarin da ya yi ta komawa gare shi. Hoton ƙarami ne, da yawa daga cikinsu tsawonsu bai kai santimita 40 ba. An raba filin zuwa shimfiɗu a kwance: yashi ko ciyawa a ƙasa, teku a tsakiya, sama siririya a can bisa, domin yakan ɗaga layin da teku ya haɗu da sama har kusa da bakin takardar. 'Yan mata uku ko huɗu suna tsaye ko suna gudu, sanye da fararen riguna da baƙaƙen safa da malafa, domin a wancan zamani da cikakkiyar sutura ake zuwa gaɓa. Idan aka matso kusa aka duba farar rigar, sai a tarar babu farin fenti a wurin, takardar ce tsirara, inda tsumma ko yatsa ya ɗauke fentin daga farantin, kuma gefen gogewar ya bar wani ɗan duhu mai taushi da ya zama inuwar ninkin riga. Tekun kuwa jan buroshi ne a kwance, ana ganin sawun gashin buroshin ɗaya bayan ɗaya, saboda ƙarfe ba ya shan fenti, duk abin da buroshi ya bari haka zai tashi. Kumfar igiyar ruwa layi ne da aka karce da gindin buroshi. Jirgin ruwa mai tafiya da iska a nesa goga biyu ne kacal. Sai jan ɗigo guda, lema ko ƙyallen ɗaure ƙugu, wanda ke riƙe idon mai kallo kada ya zame ya fita.

Fuskar yaran fa? Kusan babu ita. Ɗigon launi ne, wani lokaci da 'yar alama ta ido, sau da yawa ba ko wannan, ko kuma yarinyar ta juya baya tana kallon ruwa. A nan ne ra'ayoyi suke rabuwa. Mai kallon da ya saba auna gwanintar mai zane da yadda ya kamanta fuska zai ce wannan gazawa ce, ko kuwa gaggawa. Ni kuwa ina ganin a nan ne dabarar ta yi wa mai zanen hidima mafi girma. Fuskar da ba ta kai girman ƙwayar gyaɗa ba, idan aka zana mata ido da hanci da baki da ɗanyen fenti sannan aka murza da cokali, abin da zai fito tabo ne. Dabarar ba ta yarda da wannan dalla-dalla ba, saboda haka dole mai zanen ya nemi wani wurin da zai ajiye halin yaron. Prendergast ya ajiye shi a jiki: karkatar kafaɗa, riƙe malafa da hannu kada iska ta tafi da ita, sunkuyon mai tsintar wani abu a yashi, rigar da iska ta tura gefe guda. Kuma wannan ya fi kusa da gaskiyar gani fiye da yadda ake zato, domin wanda ke zaune a gaɓa yana kallon yara daga nesa, cikin hasken rana da ke dawowa daga ruwa, ba ya ganin ƙwayar idonsu. Abin da yake gani shi ne motsi da launin tufafi, kuma da su uwa take gane ɗanta a cikin taro.

Kwatanta shi da wasu 'yan ƙasarsa yana fito da wannan fili. Winslow Homer ya zana yara a gaɓar Gloucester da fentin ruwa a 1873, yaran masunta ne, da yawa daga cikinsu suna zaune suna kallon teku, kuma mai kallo yana jin cewa akwai uban da ake jira ya dawo. Mary Cassatt ta zana yara biyu suna wasa da yashi a 1884, sun cika hoton, kumatu da hannuwa a bayyane, hankalinsu duka yana kan bokitinsu. A wajen Homer akwai labari, a wajen Cassatt akwai kusanci irin na mai reno. Prendergast bai ba da ko ɗaya daga cikin biyun ba. Yaransa ba su da suna, ba a jiran kowa, kuma mai kallo ba ya matsowa kusa da su. Baƙo ne da ke zaune a gefe yana kallon jama'a, wanda kuma haka rayuwarsa take: bai yi aure ba, mutum ne mai kunya, daga baya ma kurumta ta ƙara raba shi da hirar mutane.

Akwai ƙorafin da ya cancanci a saurara. A ƙidayar Amurka ta 1900 an samu yara kimanin miliyan 1.75 masu shekara 10 zuwa 15 suna aikin neman kuɗi, kuma a lokacin jihar Massachusetts, inda Boston take, cike take da masaƙu. Daga 1908 Lewis Hine ya riƙa ɗaukar hotunan irin waɗannan yara a masana'antu domin kwamitin yaƙi da aikin ƙananan yara. Babu ko inuwar wannan a hotunan Prendergast. Kullum rana ce ta hutu, rigunan a wanke suke, babu mai kuka, babu mai talla. Wanda ya ɗauki waɗannan hotuna a matsayin shaidar yadda yaran Boston suke rayuwa ya ɗauki abin da ba a ba shi ba. Sai dai ban yarda da masu cewa wannan ƙarya ce ba. Mutumin da ya fara aikin kanti tun yana yaro ba ya buƙatar a gaya masa cewa yara suna aiki. Ya zaɓi yini guda daga cikin bakwai, kuma wannan yinin ma gaskiya ne, sabuwar gaskiya ce da aka samu da dokar hukuma da layin dogo. Abin da za a iya tuhumarsa da shi shi ne ƙuncin zaɓi, kuma tuhumar tana da tushe, domin wanda ya kalli hotunan da yawa a jere zai ji maimaici, rana ɗaya ce take ta dawowa da tufafi daban.

Maganarsa cewa bugu na biyu ko na uku wani lokaci ya fi kyau tana buƙatar a dakata a kanta, domin tana kama da saɓa wa duk abin da aka faɗa a baya. Idan hoto ɗaya ake samu, ina na biyu ya fito? Amsar ita ce takardar farko ba ta kwashe fentin duka, akan bar wani siririn saura a farantin. Idan aka ɗora sabuwar takarda aka murza, za a sami hoto mai rauni, kamar ana hango na farkon ta cikin hazo. Masu sana'ar suna kiran sa fatalwa. Ba kwafi ba ne, tun da launinsa da nauyinsa sun bambanta, kuma mai zanen yana iya komawa kan farantin kafin ya buga, ya ƙara fenti a nan, ya sauya launin riga, ya saka wata yarinya a inda babu. Ta haka ne ake samun hotuna biyu ko uku 'yan uwa ɗaya, tsarinsu guda amma yanayinsu daban, ɗaya kamar tsakar rana, ɗaya kamar an kusa magariba. Ga mai zanen bakin teku wannan kyauta ce, domin gaɓar Massachusetts wuri ne na hazo da iska mai laima, kuma koɗewar bugu na biyu tana ba da wannan yanayi ba tare da an nema ba. Wani lokaci kuma yakan bi hoton da fensir ko ɗan fentin ruwa bayan ya bushe, ya ƙarfafa layin da ya ɓace.

Wani abu da ido ke saurin kamawa shi ne iyakar da yake zanawa a kewayen hoton, a kan farantin kansa, sau da yawa da launi mai duhu, tare da harufan sunansa a dunƙule kamar hatimi, wani lokaci har da sunan hoton a cikin iyakar. Wannan ya fito ne daga bugun katako na Japan, wanda ya mamaye zukatan masu zanen Paris a lokacin, kuma Boston na cikin wuraren da aka fi tara shi a wajen Japan, ta hannun mutane irin su William Sturgis Bigelow da Ernest Fenollosa. Daga can ne kuma ɗaga layin teku zuwa sama ya zo, da shimfiɗa launi ba tare da zurfin nesa da kusa irin na Turawa ba. Iyakar tana gaya wa mai kallo cewa wannan abu ne da aka tsara a kan takarda, ba taga ba ce da ake leƙa duniya ta cikinta. Na kan ga hannun tsohon mai katin talla a nan fiye da ko'ina.

Tafiyarsa Italiya a 1898 zuwa 1899, inda ya fi daɗewa a Venice, ta ƙara wa launinsa ƙarfi da taronsa yawa. A 1900 ya baje fentin ruwa da monotayif a zauren Macbeth a New York. Bayan wajen 1902 ya bar dabarar, hankalinsa ya koma kan fentin mai a ƙyalle. A 1907 ya sake zuwa Faransa ya ga aikin mai zanen Faransa Paul Cézanne, ya zama cikin Amurkawan farko da suka fahimci girmansa. A 1908 ya shiga baje kolin masu zane takwas da suka yi wa tsohuwar makarantar zane ta ƙasar tawaye, tare da Robert Henri da John Sloan da William Glackens da sauransu, duk da cewa aikinsa bai yi kama da na yawancinsu ba, su da suka fi zana unguwannin talakawa da launi mai duhu. Masu sharhin jaridu sun yi wa ɗige-ɗigen launinsa ba'a. A 1913 aikinsa ya shiga babban baje kolin Armory, wanda ya gabatar wa Amurkawa sabon zanen Turai, kuma a nan aka ga cewa ya riga takwarorinsa nisa a wannan hanya. Ya koma New York da zama a 1914, ya rasu a can a 1924.

Wanda ya kalli manyan hotunansa na ƙarshe zai ga mutane a jere a bakin ruwa, ba fuska, an gina su da tabo-tabon launi masu kauri kamar saƙa. Akan danganta wannan da Cézanne da sauran Faransawa, kuma hakan daidai ne. Amma ra'ayina shi ne tushen ya riga 1907. Mutumin da ya shafe shekaru yana aiki da dabarar da ke hana shi dalla-dalla, tana tilasta masa ya yi tunani da fili da tabo, tana kuma nuna masa hotonsa a juye ta yadda zai ga tsarin kafin ya ga labarin, ya riga ya shirya karɓar darasin Paris tun kafin ya je ɗaukarsa.

Darajar monotayif a kasuwa da gidajen adana zane ta daɗe tana rawa, saboda ba ta da gida. Masu tara bugu suna son abin da ke da adadi, a ce wannan na 12 ne cikin 50, a kwatanta shi da na wani. Masu tara fenti kuma suna ganin duk abin da ya bi ta faranti ya sauka a takarda bai kai zanen hannu ba. Sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20 aka dawo da ita gaba, musamman bayan babban baje kolin tarihinta da gidan Metropolitan na New York da gidan zane na Boston suka shirya a 1980. A yau gidauniyar Terra da ke Chicago tana riƙe da ɗaya daga cikin manyan tarin monotayif na Prendergast, gidan zane na kwalejin Williams a Massachusetts kuma yana da tarin ayyukan 'yan'uwan biyu mafi girma, wanda ya samu ta hannun Eugénie, matar ƙanensa Charles. Ganinsu ido da ido ba ya zuwa da sauƙi, domin haske yana cin takarda yana koɗar da launi, saboda haka akan fito da su na 'yan watanni a ɗaki mai ƙarancin haske sannan a mayar da su akwati na tsawon lokaci. Yawancin mutane a allon waya ko kwamfuta za su gan su, inda hasken allon yake ƙara wa launin ƙyallin da ba shi da shi, yake kuma ɓoye girman hoton na gaskiya. Mai kallo ta wannan hanya zai amfana idan ya duba ma'aunin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton, sannan ya faɗaɗa wurin farar riga har sai zaren takardar ya bayyana.